Dangwali Biyu, Ƙulli Ɗaya

Ƙarfe goma sha biyu saura minti goma, ranar wata Talata, ina zaune gaban madubin ɗakin gwaji mai ƙara girman abu na ƙirga arba'in da biyar. Na san lokacin daidai domin ɗabi'ata ce in rubuta lokaci a gefen kowane ƙirge. Na goge gilashin na sake ƙirgawa. Arba'in da biyar. Na matsa zuwa wata ƙwayar, sannan wata, har ƙwaya ashirin. Babu wadda ta cika arba'in da shida. Jinin kuwa nawa ne.

Tun da na dawo daga Kebbe 'yan ajinmu ke tambayata yadda tafiyar ta kasance. Ni ba gwanar magana ba ce, sai in ce lafiya lau in wuce, su kuma ba su daina tambaya ba. Shi ya sa na zauna na rubuta. Baba ya karanta kafin kowa. Ya daɗe riƙe da takardun, sannan ya ce in bar komai yadda yake.

Ga waɗanda ba fanninmu ɗaya ba, a cikin ƙwayoyin jikin mutum da na dabba akwai waɗansu gajerun zaruruwa da ake kira kuromosom. Su ke ɗauke da abin da aka gada, rabi daga uwa, rabi daga uba. Mutum yana da arba'in da shida. Saniya da akuya sittin-sittin, tunkiya hamsin da huɗu. Aikina na kammala digiri shi ne in jera hotunan na mutum da na dabbobin gida in nuna inda suka yi kama. In aka shafa musu rini sai ratsi-ratsi su fito kamar na saƙi, a nan ne kamar take bayyana. Manyan zaruruwan tunkiya, in ka bi ratsinsu, ƙananan na akuya ne aka haɗa bibbiyu, shi ya sa lissafinta ya ragu. Zaren da ake kira X kuwa, abin da ke cikinsa kusan ɗaya ne daga mutum har saniya. Domin samfurin mutum, malamarmu Dakta Rabi ta ce kowa ya yi da jininsa, ya fi sauƙi.

Ita ce ta rufe ƙofar ofishinta ta zaunar da ni bayan an sake gwajin ya fito haka. Ta ce zare biyu ne suka manne suka zama ɗaya, babu abin da ya ɓata.

"Lafiyarki ƙalau, Lubabatu, kuma haka za ki ci gaba in sha Allah. Abin sai wajen haihuwa. Wani cikin zai zauna, wani ba zai zauna ba. Yawanci gado ne, daga uwa ko daga uba."

Ta ce irin wannan mannewar ana samunta a shanu, kuma ta daɗe tana son jinin wani garke da aka san asalinsa don a duba ko akwai ta a namu shanun.

An riga an sa ranar aurena da Nasiru, bayan na kammala. Na ƙudura zan gaya masa, amma ba na son in je masa da lamba kawai. Ina so in san matan da suka ɗauki wannan abu kafin ni, ciki nawa suka yi, nawa suka goya. Inna ta rasu ina shekara shida, ni kaɗai ta bari, kuma na taso ina jin matan unguwarmu a Tambuwal suna cewa, Allah ya ji ƙan Hajo, ba ta riƙe ciki. Na ja layuka a sabon shafi na littafina, na rubuta "Dangin Inna" a sama. Dangin Inna suna Fakku, manoma ne masu shanu. Na gaya wa Dakta Rabi na san garken da take nema.

Baba bai yarda in tafi ni kaɗai ba. Ya haɗa ni da Inna Tumba, ƙanwar mahaifiyata, wadda ke aure a Kebbe tana zuwa Tambuwal sarin atamfa. Mace ce mai murya, in ta yi dariya direba sai ya waiwayo. Ƙarshen damina ne. Muka shiga motar da aka yi don mutum biyar, mu tara, ni da kulata a cinya. A cikin kular akwai kwalaben ɗibar jini masu koren marfi, da allurai, da ƙanƙara da na naɗe a tsumma. Na ɗauki ninki biyu na duk abin da nake bukata, har 'yan ɗakinmu suna yi mini dariya.

Da muka bar kwalta motar ta fara tangaɗi, na matso kusa da kunnenta.

"Inna Tumba, in tambaye ki wani abu a kan Inna?"

"Tambayi, ɗiyata."

"Ciki nawa ta yi?"

Ta dube ni kamar na cire mayafi a kasuwa. "Ke Luba! Cikin mota, gaban maza? Boko dai bai bar muku komi ba." Ta ɓare gyaɗa ta cika mini hannu, ta shiga ba matar da ke gefenta labarin tsadar shadda.

A kan iyakar ƙaramar hukumarmu da ta Kebbe muka tarar da igiya a gicciye, 'yan sa-kai suna tsaye da bindigoginsu na gargajiya. Kowa ya san abin da ya sa suke nan, ba wanda ya yi ƙorafi. Aka sauke mu aka duba kaya. Da aka zo kan kulata, wani ya buɗe ya ga allurai, ya kira babbansu, wani dattijo mai furfura da layu a damtse.

"Allurar mi ta, malama? Rigakafi?"

Na miƙa masa takardar makaranta, ya juya ta ya miƙo mini abata.

"Faɗa mani da baki."

Na ce jinin shanu zan ɗiba, in ƙirga wani abu a ciki in gwada da na sauran dabbobi.

"Har jaki?"

"Har jaki, Baba."

Ya jingine bindigarsa. Ya ce kakansa ya taɓa mallakar alfadara, ta shekara ashirin tana ɗaukar kaya ba ta taɓa haihuwa ba, kuma tun yana yaro yake tambaya ba wanda ya gaya masa dalili. Na ce doki yana da sittin da huɗu, jaki sittin da biyu, ɗan da suka haɗu suka haifa sai ya tashi da sittin da uku, ba ya rabuwa biyu daidai. Ya ƙirga a yatsunsa yana motsa baki.

"Guda ya rasa abokinai ke nan," in ji shi. "Allahu akbar. Ku sake musu igiya."

Har muka isa Kebbe ina tunanin wannan maganar tasa, domin arba'in da biyar ma ba ya rabuwa biyu. Na san lissafina da na alfadara ba ɗaya ba ne, Dakta Rabi ta nuna mini bambancin a takarda. Sanin bai hana ni ci gaba da tunanin ba.

Gidan Inna Tumba yana bayan kasuwa. Ta sauke ni a ɗakinta, ta kawo hoce, gurasar nan ta garin dawa, da miyar kuka da ta sha man shanu. A gidanmu baƙo ya kan huta kafin a fara shigowa gaishe shi. A nan ban wanke hannu ba mata suka fara sallama, an ji ɗiyar Hajo ta zo. Kowace sai ta durƙusa ta gaishe ni kamar wata babba, ta tambayi Baba, da hanya, da gajiya, da ruwa, da karatu, ta koma kan gajiya. Sannan ta kama haɓata ta juya fuskata wajen haske ta ce goshin Hajo ne sak. Wata tsohuwa ta ce, "Allah ya ba ki abin da bai ba ta ba." Sauran suka ce amin. Ban tambayi abin da take nufi ba.

Da suka watse na sake gwada Inna Tumba. Ta ce ita ƙarama ce lokacin, in tambayi Kaka.

Da safe Malam Isa ya zo, ma'aikacin dabbobi ne da Dakta Rabi ta haɗa ni da shi ta waya, shi zai huda jijiya domin ni ban iya kama saniya ba. Muka ɗauki 'yan kabu-kabu biyu, shi a ɗaya, ni da kula a ɗaya. Hanyar Fakku laka ce da kwazazzabai. A wani rafi ruwan ya kai gwiwa, muka sauka muka taka, na ɗora kular a ka kamar mai tallar nono. Na haye lafiya, sai a busasshiyar ƙasa santsi ya kwashe ni na zauna daɓas. Ɗan kabu-kabun ya ce, "Hajiya, kular dai ba ta taɓa ƙasa ba, na shaida." Haka na shiga garin kakannina da laka har baya.

Gidan yana gefen gari, garke a bayansa. Kawu Sahabi, yayan Inna, shi ne mai gidan. Dogo ne, ba ya gaggawar magana. Kaka, mahaifiyarsu, tana zaune a inuwar rumbu tana gyaran ƙwarya. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Wagga ta likitan shanun? Ta fi kama da wadda shanu sunka taka."

Aka ba ni zane na sauya, aka dama fura da nonon da aka tatsa da safen. A Tambuwal mu kan zuba sukari. Na duba ban ga sukari ba, ban kuma tambaya ba, da na kurɓa na gane ba a bukatarsa.

Da na gaya wa Kawu abin da ya kawo ni, sai ya gyara zama ya dube ni.

"Jinin shanuna za ki kai a gwada da na ɗan Adam?"

"E, Kawu."

"Allah ya karrama ɗan Adam, Luba. Ba ni son a ce ɗiyar ƙanwata ta tafi birni ta dawo tana haɗa mu da bisashe."

Kaina yana ƙasa. Na ce masa karamcin da Allah ya yi mana ba a wannan ƙirgen yake ba. Na ce in da a nan yake, jakin da ke ɗaure a ƙofar gida ya fi mu, domin ya ɗara mu da goma sha shida. Malam Isa ya tuntsire da dariya. Kawu ya daure, ya daure, sai gemunsa ya fara rawa.

"Jakin ga? Wanda ko hanyar gona bai riƙe ba?" Ya miƙe ya ɗauki sandarsa. "Taho ki gan su."

Abin da na gani a garken nan ban taɓa ganin irinsa a littafi ba. Ina bukatar asalin kowace saniya, na zo da shafukan da zan cike, ina tsoron ba za a tuna ba. Kawu ya dafa wata fara mai doro ya fara: wannan Goshi ce, ɗiyar Gajera, jikar Baƙar-kunne wadda mahaifinsu ya saya shekarar da rumbu ya ƙone. Ta haihu huɗu, ta zubar da biyu, ɗaya farkon damina, ɗaya ana yankan gero. Ya wuce ta gaba. Saniya goma sha tara, da uwayensu da kakanninsu, da bijimin da ya hau kowace, da duk ɗan da ya zauna da wanda ya zube. Bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ni ce hannuna ya gaji.

Ya ce, "To mine ne kika nema cikin jinin?"

Na fara bayani da kalmomin aji, na ga ba ya shiga. Sai idona ya faɗa kan dangwali, doguwar igiyar nan mai madaukai da ake jera maruƙa a jikinta lokacin tatsa. Akwai guda biyu a shimfiɗe a ƙasa. Na ɗauko su.

"Kawu, a ce kowane zare dangwali ne da maruƙansa. Saniya tana da sittin. In za ta ba ɗanta, sai ta raba biyu daidai ta ba shi talatin, bijimi ya kawo talatin. To wata da dangwali biyu a ƙulle aka haife ta." Na ƙulla bakin igiyoyin. "Babu maraƙin da ya ɓata, don haka lafiyarta lau, tana ci tana ba da nono. Amma ranar rabo ƙullin ba ya kwancewa. Wani kashin sai ya yi yawa, wani ya gaza. In an dace rabon ya yi daidai, ɗa ya zauna. In ba a dace ba, ya zube."

Kawu ya karɓi igiyar ya ja ƙullin da hannu biyu. Ya gyaɗa kai.

Ban san Kaka ta biyo mu ba sai da na ji muryarta a bayana.

"Ƙullin ga, saniya kaɗai ka ɗaukar shi?"

"A'a, Kaka. Bijimi ma."

"Shina ci shina sha, ƙato, ba a ganin komi gare shi?"

"Ba a gani."

"Wannan ai mun sani," in ji Kawu. "In saniya guda ta ba ta riƙewa, ita muka tuhuma. In sun kai ukku ƙarƙashin bijimi guda, shi muka dandaƙewa mu sa shi noma."

"Shanu kam an yi musu adalci," in ji Kaka. Ta juya ta koma gida.

Malam Isa ya ɗebi jinin daga jijiyar wuya, Kawu yana riƙe da hanci yana kiran kowace da sunanta. Na liƙa wa kowace kwalba suna da lokaci, na jera su a kula yadda ba za su taɓa ƙanƙara ba. Wannan jinin da ransa ake son sa. A ɗakin gwaji sai an yi kwana uku ana kiwon ƙwayoyinsa suna rabuwa kafin a ga zaruruwan. Sanyi-sanyi yake so, kuma ya isa cikin kwana biyu.

Kafin mu juya na shiga ɗakin Kaka. Na zauna a bakin tabarma.

"Kaka, Inna ciki nawa ta yi? Ke fa? A gidan nan ana ɓari?"

Ba ta ɗago ba. "Mu ba mu ƙidayar ɗiya. Wanda yaz zauna, ga shi kina gani. Wanda bai zauna ba shina wurin Mai shi. Tashi, rana tana yi muku."

Na tashi ban gaya mata dalili ba. A kan babur ina ta juya abin. A gidan nan an san kowane ɗan da Goshi ta zubar da watan da ya zube, amma babu mai gaya mini na mahaifiyata. Shafin "Dangin Inna" ya koma Kebbe babu ko ɗigo a kansa.

Mun iso da la'asar, shirin mu kama hanyar Tambuwal da sassafe. Jikina duk ciwo, ina idar da sallar isha'i barci ya ɗauke ni. Da na tashi da asuba ban ga kular ba.

"Tana gidan Hajiya mai ƙanƙara," in ji Inna Tumba tana hura wuta. "Nig ga taki ta narke, nic ce kar wahalarki ta lalace. Firizarta ta sola ta, ba ta ɗaukewa. Nic ce ta sa su can ƙasa inda yaf fi sanyi."

Na je da gudu, abin da ban taɓa yi a titi ba. Kwalabe goma sha tara, a tsakanin ƙullin zoɓo da kunun aya, kowace ta daskare kamar dutse. Ƙwayar da ta daskare ta mutu, ba ta ƙara rabuwa. Na dawo da su na zauna a tsakar gida, sai kuka ya zo. Tun ranar Talatar nan ban yi kuka ba, ko a ofishin Dakta Rabi.

Inna Tumba ta rikice. "Ki yafe mani, ɗiyata, wallahi alheri nika nufi. Mu nama in ya shiga firiza ai ya tsira." Ta tsaya tana kallona. "Ke, tsaya. Wannan ba kukan jinin shanu ba na. Mi ad da ke?"

Na gaya mata. Ita ce mutum ta farko a dangi da ta ji. Na ba ta labarin ƙullin dangwalin da na nuna wa Kawu, na ce ina da shi. Inna Tumba ta zauna a kan turmi ta dube ni.

"Kina da sauran kwalabe?"

"Ina da."

"Tashi, Fakku za mu. Da ni za a koma. Ni ba ni da bakin faɗin wagga magana, amma na san mai shi."

Malam Isa bai yi fushi ba, ya ce ya taɓa ganin wanda ya dafa allurar rigakafi don ta ƙara ƙarfi. Ruwan rafin ya ragu, wannan karon ban faɗi ba. Kawu da ya gan mu ya riƙe baki.

"Likita, shanun sun ce a gaya maki wuyansu ba rijiya ba na."

Amma ya ɗauki sandarsa, shi da Malam Isa suka nufi garke da kular. Na ba su takardar sunaye, na ce ina zuwa. Inna Tumba ta shiga ɗakin Kaka ita kaɗai. Ba ta daɗe ba ta fito idonta ja, ta nuna mini ƙofa da haɓa, ta tafi wajen matan gidan.

Kaka tana zaune ta ba ƙofa baya, tana kankare cikin wata ƙwarya. Ba ta tsokane ni ba.

"Tumba ta ce kina da ƙullin."

"E, Kaka."

"Kin gani da idonki?"

"Sau ashirin na ƙirga. An kuma sake gwadawa."

Ta ci gaba da kankara. Da ta fara magana ba ta juyo ba, kamar da bangon take yi.

"Ban taɓa ƙidaya ba, yau za ni yi, Allah shi gafarta mani. Ni sha ɗaya nih haifa, ban zubar ba ko guda. Fuɗu ƙyanda da zazzaɓi sunka ɗauka bayan sun yi wayo. Uwata tara, ban ji an ce ta zubar ba. Tumba shida. Ƙannen Hajo biyu da ad da aure nesa, kowace da goyonta. Ba mu san ɓari ba gidan ga sai ga Hajo. Ita shida ta ɗauka. Ukku sun zube kafin ke, biyu bayanki. Guda ta goya, ga ki zaune."

Littafin yana kan cinyata. Ban buɗe shi ba.

"Kin san ubanki ya yi aure kafin Hajo?"

Na ce na taɓa jin haka, amma ba a maganar a gidanmu, ko sunan matar ban sani ba.

"Ita fuɗu ta zubar. Danginai sunka ce ba ta riƙe ciki, sunka matsa mai har yas sake ta. Ta yi aure Sanyinna. Ɗiyanta bakwai, na ci goron sunan ukku." Ta aje wuƙar. "Na daɗe da shi ga raina. Amma wa za ni gaya ma? Mace in ta zubar, kowa ya ga jini, ya san inda za shi nuna. Namiji mi za a gani? Sai jiya da nij ji ki da dangwali, nit tambaye ki bijimi."

Kunya ta rufe ni. Dakta Rabi ta ce daga uwa ko daga uba, na rubuta maganar a littafina kalma-kalma. Duk da haka shafi ɗaya na ja wa layi, na hau mota da babur na ƙetare rafi ina neman abin a wajen matar da ke kabari, alhali kullum da safe ina durƙusawa in gaida Baba. Abin da matan unguwa suka yi wa Inna shi na yi mata, da madubina da komai.

Na ce, "Kaka, ba a tabbatar ba tukuna. Sai an ɗebi jinin Baba an ƙirga. Kuma ko shi ne, ba laifinsa ba ne. Shi ma haka aka haife shi, bai sani ba."

"Na san bai sani ba. Wa yac ce laifi?"

Daga garke ina jin Kawu yana kiran Goshi, yana lallashinta ta tsaya.

"To yaya zan yi? Nasiru yana jira, an sa rana. Baba kuma ya tsufa, yana da hawan jini. In gaya masa, ko in bar shi?"

A nan ne ta juyo ta dube ni, karo na farko tun shigowata.

"Yaron ki gaya mai tun yanzu, gaban waliyyinai, kowa shi ji da kunnenai. In ya tsaya, ya tsaya da sani. Don ranar da ciki yaz zube, kar ki duƙa ma kowa. Hajo duk wanda ta zubar, jini bai gama tsaya mata ba za ta ja jiki ta duƙa gaban ubanki ta ba shi haƙuri. Sau biyar, biyu a gabana. Shi ko mutumin kirki na, bai taɓa ɗaga mata murya ba, kullum sai shi ce, na yafe maki, Hajo, na yafe. Da wagga yafiya ta tafi, tana gode mai. Ki koma ki zauna kusa da shi, ki yi mai bayani sannu yadda kinka yi ma Sahabi. Ki gaya mai babu abin da za shi yafe."